Ɗan Fari a Rumfar Sanƙarau

A kan jaki aka shigo da shi Bodinga, an ɗaure shi da zane a jikin kakarsa don kada ya faɗo, kansa ya lanƙwashe baya kamar mai neman wani abu a sama. Ni ina zaune bakin rumfunan zana da tukunyar kununa. Tun da sanƙarau ya sauka a bazarar nan, ba da daɗewa da samun mulkin kai ba, aka kafa wa marasa lafiya rumfuna a bayan gari, sai na ga masu jinya ba su da mai dama musu, na kwashe sana'ata na koma can. Kunu ya samu kasuwa, kunnena ma ya samu tasa. Ni Mairo mai kunu ban taɓa ɓoye wa kowa ina son labari ba. Amma wannan kam, da a wani gari ya faru, da na fi jin daɗin ba da shi.

Sunan yaron Maniru, bai fi shekara bakwai ba. Tsohuwar da ta kawo shi Inna Tani ce, uwar ubansa, daga wani ƙauye can gefen Shagari. Ita ke riƙonsa tun yaye, domin ɗan fari ne. Ubansa Yahaya mai albasa, katanga ce kawai ta raba gidana da nasa. Uwarsa Bilki.

Na taya ta sauke shi, jikinsa kamar an ciro shi daga murhu. Na ce, "Inna Tani, mi ya samu angon naki?"

Ta ce, "Ke dai bari, Mairo. Mijin banza na. Ya ƙi ci, ya ƙi sha, so yakai ya bar ni da takaba."

Wasan jika take yi, amma idonta ja wur.

Malam Abdulƙadir, malamin asibitin da aka ɗora wa rumfunan, ya taɓa wuyan yaron, yaron ya ƙwala ƙara. Ya ba shi maganin da ake ba kowa, aka shimfiɗa masa tabarma a rumfar ƙarshe.

Da la'asar sai ga Bilki da ƙwaryar fura. Ba ta shiga rumfar ba. Wurina ta zo, ta durƙusa, ta juya wa rumfar baya.

"Gwaggo, an ce mutanen Shagari sun zaka."

"Sun zaka. Ga su nan bayanki, in kin waiga."

Ba ta waiga ba. Ta ce, "Ya jikin ɗan Inna?"

Haka take kiransa, ko ta ce wancan, ko yaron ga. Shi kuma Adda yake ce mata, kamar yayarsa. Babu wanda ya ga aibi a ciki, haka aka rene mu duka. Yahaya ma ya zo. Ya tsaya can gindin itacen bedi, nesa da rumfar, ya aiko a gaida uwarsa, ya tambayi lafiyar jakin da ya sha tafiya, ya koma kasuwa.

Yaran da aka kwantar tare da Maniru suka fara neman kunu, wasu har suna zama. Shi kuwa sai baya yake yi. In an ɗaga zana haske ya shigo, sai ya rufe ido yana kuka. Malam Abdulƙadir ya sa aka kirawo Yahaya daga kasuwa, aka tara su bakin rumfa: Inna Tani a zaune, Bilki ta ja lulluɓi har hanci, Yahaya a tsaye yana duban takalminsa. Ni ma na matso da ludayina a hannu, kamar mai neman wanda bai biya ba.

Malam ya ce, "Maganin da muke ba kowa bai kama wanga yaro ba. Sanƙarau ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai jin wanga magani, akwai wanda sai wata allura daban, ita kuwa kaɗan muke da ita, likita ba ya fidda ta sai ya tabbata. Gobe zai zo daga birni. In kun yarda, zai ɗebi ruwan bayan yaron ya duba."

Inna Tani ta dafe ƙirji. "Ruwan baya? La'ilaha illallahu."

"Inna, ki saurare ni tukuna. Gwaggo Mairo, ɗan sunkuya ki ba su baya."

Na ce, "Malam, tun rasuwar maigidana ba wanda ya nemi ganin bayana. Ka shirya sadaki?"

Mata suka yi dariya daga sauran rumfuna. Na sunkuya. Ya nuna da tsinke, bai taɓa ni ba.

"Kun ga nan, ƙasa, daidai ƙugu. Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne. In mutum ya naɗe kamar mai jin sanyi, sai gaɓoɓin su ɗan buɗe. Nan allurar take shiga, ƙasa da inda laka ta ƙare. Abin da za a ɗiba bai cika cokali ba, jiki kuma ya mayar da shi kamar yadda rijiya take mayar da abin da aka ja. In lafiya lau, ruwan fari tas yake fitowa kamar na sama. In da ciwo, sai ya yi kamar ruwan wankin gero. Likita ya sa shi a madubinsa mai ƙara girman abu ya ga irin ƙwayar cutar. Ba zan ɓoye muku ba, da zafi, kuma kansa zai iya ciwo bayan nan. Amma barinsa haka ya fi allurar haɗari nesa ba kusa ba."

Ya ciro allurar daga gwangwani ya nuna musu, don kada su ji a bakin wasu cewa ta kai kibiya. Sannan ya faɗa musu sharaɗin likita. Bara a wani gari an yi wa wata yarinya wadda ciwo ya riga ya cinye, ta rasu, dangi suka ce allura ce, mutane suka kwashe marasa lafiyarsu suka gudu da su gida. Tun daga nan likita ya ce ba zai ƙara taɓa bayan ɗan kowa ba sai uwa ko uba sun ce a yi, da bakinsu, gaban mutane.

"To, wa ke da yaro?"

Inna Tani ta dubi ɗanta.

Inna Tani ta ce, "Na Allah na."

"Na sani, Inna. Malam Yahaya?"

Yahaya bai ɗago ba. "Ga Inna nan. Ita ad da magana."

"A'a," in ji tsohuwa. "Ni riƙo anka ba ni. Can baya zuriyar namiji take. In anka tsiyaye mai ita, ko anka gurgunta shi, a ce tsohuwa ta lalata ɗan mutane? A aika Shagari wurin Shaihu. Shi ne babba gidanmu."

Shaihu yayan Yahaya ne, kuma kowa ya san a irin wannan lokaci yana can fadama da shanu. Malam ya juya wajen Bilki. Yatsun ƙafarta na gani sun ƙanƙame ƙasa. Ta yaya za ta yi magana kan ɗan fari gaban surukarta?

Washegari motar likita ta iso. Wani dogon Bature ne mai jan wuya, Hausarsa ba ta fi ta yaron goye ba. Ya yi wa yara biyu allurar baya a gabanmu, na ga ɗaya daga cikinsu da idona bayan kwanaki yana bin akuya da gudu. Da ya zo kan Maniru ya durƙusa ya daɗe. Ya ce, "Ina baba? Ina mama?" Baba yana kasuwa yana auna albasa. Mama tana bayan zana, ana ganin ƙafafunta ta ƙasa. Inna Tani ta ce an aika Shagari. Likita ya jira har rana ta take, akwai wasu garuruwa gabansa, ya ce a ci gaba da maganin da ake ba shi, ya shiga mota.

Abin da ya fi ba ni haushi, da yammacin ranar nan aka kawo wanzami. Ya yi wa yaron tsaga a ƙeya, ya kafa ƙaho, jini ya cika kasko. Ba wanda ya ce sai an aika Shagari. Ba wanda ya tambayi wa ke da yaro. Malam Abdulƙadir ya dawo daga salla ya tarar da aikin gama, ya riƙe kai.

Ɗan aike ya dawo daga fadama da amsar Shaihu: yana gaida Inna, yana yi wa yaro addu'a, amma ubanai na raye, shi mi nasa a ciki?

Aka koma inda aka faro.

Na ajiye tukunya na bi Yahaya har rumfarsa ta kasuwa. Na same shi yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Yahaya, albasa ta samu mai duba ta."

"Gwaggo, ina wuni."

"Ban wuni ba. Kalma guda anka ce ka faɗi. A yi. Ko ɗan akuya ya iya fin haka."

Ya waiga dama da hagu, ya rage murya. "Gwaggo, ke ma kin sani. In tsaya gaban uwata, gaban mata, in ce nawa na? Da wane ido za ni dubi mutane? Tun da anka haife shi ban taɓa ɗaukar shi ba. Yau in tashi in zubar da abin da na tara?"

"Mi ka tara?"

"Mutunci."

"To ka faɗa wa Malam a kunne."

"Likita ya ce gaban mutane. Kuma Gwaggo, in kwana ya ƙare, allura ba ta ƙara shi. In da saura, zai tashi."

Ya zaɓo manyan albasa ya tura mini. Na bar masa abinsa a kan buhu.

Kada ku ce Yahaya mugu ne. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, sai mu zage shi mu huta. Gari ne ya riƙe masa baki. A bakin rijiya na ji mata suna yabonsa. Wata ta ce, "Yahaya akwai kunya. Ɗa na kwance rai ga Allah, ko leƙe bai yi ba." Wata ta ce, "Ita ma Bilki ɗiyar mutunci ta, ko hawaye ba a gani ba." Suna faɗi suna gyaɗa kai kamar masu yabon amarya. Ni da ba a raba ni da hirar rijiya, ranar sai na ja ruwana na tafi.

Yaron kuwa ya rame har kana ƙirga haƙarƙarinsa. Tsagar ƙeya ta kumbura, ƙudaje suka samu wurin zama. Ya daina kuka mai ƙarfi, sai wani nishi siriri. Bilki ta gane lokacin da Inna Tani take zagayawa alwala, sai ta faki ido ta shige rumfar. Rannan na bi ta da kunu. Na tarar ta ɗora kansa a cinyarta tana ɗiga masa ruwa da yatsa.

Ya buɗe ido ya ce, "Adda."

"Na'am."

"Gyare na kuka cikin kunnena. Ki fidda shi."

Ta leƙa kunnen, ta hura. "Babu komi."

"Adda, ki yi magana da ƙarfi. Kina nesa."

Bakinta yana dab da fuskarsa.

Malam Abdulƙadir yana bakin zana, ya ji. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da ita ba, da iska yake: "Wanga ciwo in ya daɗe kunne yake fara ci. In ya ƙara daɗewa ya ci mai kunnen. Likita zai biyo ranar kasuwa. In ya wuce, ban san ranar da zai dawo ba."

Da jin takun Inna Tani, Bilki ta zame kan yaron ta ajiye a tabarma, ta fito tana gyara lulluɓi kamar ɓarauniya.

Ranar kasuwa da hantsi ta zo ta tsuguna kusa da tukunyata. Ta ce, "Gwaggo, ki tambayar mini Malam. In anka ɗebi ruwan, yaron mutane zai haihu in ya girma?"

Malam yana tsaye kusa da mu, taku kaɗan. Na ce, "Malam, wai ana tambaya."

Ya gane. Ya dube ni, ya amsa mata. "Gwaggo, ki faɗa wa mai tambaya, ruwan nan ba na haihuwa ba ne. Ruwa ne da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. Ni kaina an yi mini ina makaranta, ga shi 'ya'yana sun hana ni barci."

"Gwaggo, zai yi tafiya?"

"Ki ce mata ta dubi ɗan gidan maƙera da anka yi wa rannan. Ga shi can kan katanga."

"Gwaggo, in anka yi, zai tashi?"

Malam ya ce, "Wannan ban iya alkawari. Abin da na sani, in ba a yi ba, muna harbi cikin duhu."

Motar ta iso. Malam ya aika aka taso Yahaya, ya zo ya kama wurinsa gindin bedi. Ranar kasuwa ce, 'yan dubiya sun cika wurin, har da mutanen Shagari da suka zo cin kasuwa. Likita ya duba yaron, ya miƙe, ya yi magana da Malam da Turanci. Malam ya ɗaga murya.

"Likita na tambaya, kuma ba zai jira ba. Wa ke da yaro?"

Inna Tani ta fara, "Ai mun aika wa wani ƙanen kakanai da ke Kajiji..."

"Ni."

Sai da na waiga don in ga wa ya yi magana. Bilki ce. Ta miƙe tsaye, lulluɓin ya zame kafaɗa, ba ta gyara ba.

"Ni na haife shi. Ɗana na. Sunanai Maniru. A yi mai."

Wurin ya ɗauki salati. Inna Tani ta toshe baki da hannu biyu. Wata daga cikin matan Shagari ta ce, "Yau mun ga ƙarshen duniya." Yahaya ya juya, ya bi hanyar kasuwa da sauri kamar an ce rumfarsa ta kama wuta.

Malam ya ce, "Shigo ki riƙe shi."

Ta shiga, na bi ta, ba wanda ya gayyace ni. Aka kwantar da shi ta gefe, ta haɗa gwiwoyinsa da ƙirjinsa, ta rungume shi gaba ɗaya, goshinta a kan nasa. Likita ya wanke hannu, ya shafa wa bayan wani jan magani, ya lalubi gaɓar da babban yatsa. Yaron ya zabura sau ɗaya, ya yi ƙara. Sai ga ruwa yana ɗiga cikin 'yar kwalba. Ko ni da ilimina bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba na ga ba fari ba ne. Kafin in gama karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu an cire allura. Abin da aka yi ta aike a kai har fadamar Shagari ke nan.

Likita ya duba a madubinsa a bayan mota, ya buɗe akwati ya fiddo ɗaya allurar, ta maganin da Malam ya ce kaɗan suke da ita. Aka fara yi masa a ranar.

Maniru ya tashi. Zazzaɓi ya sauka, wuya ya saki, ya sha kununa har ya miƙo kofi a ƙara. Ƙafafunsa lafiya lau. Ranar da za a sallame shi, tukunyar wata mata ta faɗi ta fashe dab da bayansa, kowa ya zabura, shi kuwa yana ta wasa da tsinke. Malam ya zaga bayansa ya tafa hannu, dama da hagu. Ya tafa har tafinsa ya yi ja.

Ku ji abin da gari ya yi da wannan. Inna Tani ta koma Shagari tana faɗa wa duk wanda ta gamu da shi cewa allurar Bature ce ta tsiyaye wa jikanta ji, ita dama ta faɗa. Shaihu ya aiko da man shanu da gaisuwa. Yahaya ya ce ƙaddara ce. A bakin rijiya kuwa ba a yi zancen kunnen yaro ba sai kaɗan. Zancen Bilki aka yi, wadda ta tsaya gaban surukarta kai a buɗe ta kira sunan ɗan fari. Har aka daina aika mata goron biki na wani lokaci. Na faɗa musu gyaren ya fara kuka tun kafin allura ta taɓa shi, a kwanakin da muke yabon masu kunya. Suka ce Mairo ta tsufa, ta fara ruɗewa.

Da aka zo mayar da shi Shagari, Bilki ta ce ba inda za shi. Wadda ta riga ta zubar da kunya, me ya rage a tsorata ta da shi? Tun daga ranar nake jin ta ta katanga, safe da yamma. Maniru zo ka ci. Maniru ka bar wutan nan. Ta san ba ya ji. Sai ta kira, sannan ta je ta taɓa kafaɗarsa.

Akwai wani tsohon turmi a gindin katangata wanda nake takawa in zan shanya kuɓewa, ko in na ji motsin da ban gane ba. Wata ranar Juma'a da rana Bilki ta tafi gidan suna, gidan ya yi tsit, sai na ji muryar namiji ƙasa-ƙasa. Na hau turmi.

Yaron yana zaune tsakar gida yana ƙera mota da kara, ya ba ɗaki baya. Yahaya yana tsaye bayansa. Ya dubi ƙofar zaure, ya dubi ƙofar ɗaki. Katanga ce kawai bai duba ba.

Ya ce, "Maniru."

Yaron yana ta soka ƙaya a kara.

Ya ƙara matsowa, ya ɗaga murya. "Maniru. Ɗana."

Sunan ya fita daga bakinsa sumul, bai shaƙe shi ba, ƙasa ba ta tsage ba. Ashe ya iya. Jira yake ya tabbata babu mai ji, har da mai sunan.

Na sauko daga turmin a hankali, na zauna a ƙasa, na ja zanena na rufe fuska. A garin nan an koya mana kunyar suruki, da kunyar miji, da kunyar ɗan da muka haifa da cikinmu. Wadda ta kama ni a gindin katangar nan, ba wanda ya taɓa koya mana ita.